Kwanon Bayan Randa

A gidan yayana da ke Haɗejiya akwai wata kyanwa da ta shekara bakwai tana gadin sito. Baƙa ce wuluk, sai ɗan farin tabo a ƙirji, yara ba su wahalar da kansu wajen raɗa mata suna ba, Baƙa kawai suke ce mata. Yayana yana saro shinkafa shanshera daga manoman fadama, yana kuma taɓa harkar bandar kifi, a ɗaure kwalaye a yi lodi zuwa Kudu. Duk wanda ya san sito mai shinkafa da banda ya san ɓera ba ya jiran gayyata. Amma tun da Baƙa ta kama aiki ba a ƙara ɗaga buhu an tarar da shi a huje ba.

Tana da kwanonta, wani tsohon kwanon sha da bakinsa ya lotse, ana ajiye mata shi a bayan randa. Tana da makwancinta a saman buhun ƙarshe na jerin da ke kusa da taga. Da la'asar sai ta sauko ta zaga gidan, ta goga kumatunta a ƙofar sito, ta goga a gindin turmi, ta goga a ƙafar matar yayana, sannan ta koma. Ba ta taɓa yaƙushin ko jariri ba. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, takan ce wannan ita ce kyanwar Lami ta gaskiya.

Sai daminar 2022 ta zo. Mutanen Haɗejiya ba baƙin ruwa ba ne, da kogin nan muke ci muke sha, amma ruwan wannan shekarar ya wuce misali. Kogin Haɗejiya daga kogin Kano da na Challawa yake samun ruwansa, kuma tun da aka datse su da dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 halinsa ya canza. Ruwa ya daina ƙafewa da rani kamar da, kacala ta samu wurin zama ta cika hanyoyin ruwa, yashi ya taru a gindinta. Ruwan da ya taso ya tarar ba a share masa hanya ba, gonaki da gidaje yake bi. A watan Satumba samari suna kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kada ruwa ya ci gari. Ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma kuwa, da yawansu sai da kwale-kwale ake shiga. Gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, makarantun firamare suka cika da mutane da kayansu a ƙulle cikin zannuwa.

Cikin wannan hali ne yayana ya dawo wata ranar Talata da magariba, riƙe da hannun wata yarinya 'yar shekara tara. 'Yar ɗan baffanmu ce da ya rasu shekara biyu kafin nan. Ɗakin uwarta ya faɗi, uwar ta koma gidan iyayenta da ƙananan biyu, babu wurin ta uku. Yayana ya tsaya a tsakar gida ya ce wa matarsa, "Ga 'yarki nan, ta zo ke nan." Ya juya ya tafi masallaci. Abin da ya yi na zumunci ne, ban taɓa jin wanda ya ce ba haka ba. A masallaci ma an yi ta sa masa albarka.

Yarinyar ba ita kaɗai ta zo ba. A cikin ƙullin kayanta akwai wata 'yar kyanwa ja, ba ta fi tafin hannu ba, ta tsince ta a kan rufin wani rumbu da ruwa ya kewaye. Idonta ya buɗe, tana iya tafiya tana tangaɗi, amma da gani ba ta isa yaye ba. Yara suka yi caa a kanta. Yayana da ya dawo ya gani ya ce a bar ta, ai Baƙa ta samu 'ya. Da hannunsa ya ɗauke ta ya dire ta a bayan randa, a bakin kwanon Baƙa, Baƙa tana cikin cin kan tarwaɗa.

Ina wurin, na ga abin da ya faru. Baƙa ta daina tauna. Kunnuwanta suka kwanta baya, gashin gadon bayanta ya miƙe, jelarta ta kumbura ta ninka kaurinta. Ta buɗe baki ta yi wani huci da ban taɓa ji daga gare ta ba. 'Yar kyanwar ba ta san komai ba, ƙamshin kifi ta ji, ta miƙa kai cikin kwano. Mari ɗaya Baƙa ta yi mata ta wuntsila ta faɗa gindin randa, kunnenta na hagu ya tsage. Yara suka yi ihu. Yayana ya yi dariya ya ce, "Ku bar su, za su saba."

Ba su saba ba. Kwana uku Baƙa tana tsare hanyar sito, 'yar kyanwar tana maƙale a ƙarƙashin gadon yara, ba ta fitowa sai yarinyar ta jawo ta. An ba ta madarar gari ta yi ta zawo. Duk inda ta bi, Baƙa sai ta bi bayanta ta shinshina, ta yi gurnani. A rana ta huɗu aka tarar Baƙa ta yi fitsari a kan buhun shinkafa, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara bakwai. A rana ta biyar ta sake kai wa 'yar kyanwar hari a gaban yayana, shi kuwa ya cire takalmi ya jefe ta, ya bi ta da tsintsiya har zaure yana cewa muguwa, baƙar zuciya gare ta kamar jikinta. Daga ranar Baƙa ta daina cin abinci a gidan. Sai a hange ta a kan katanga, ta rame, tana kallon tsakar gida. Kafin sati biyu aka fara ganin kashin ɓera a sito.

A waɗannan kwanakin ban cika kula da sauran gidan ba, sai daga baya na riƙa tuno abubuwa. 'Ya'yan yayana biyar ne, ɗakin yara ɗaya, katifa biyu. Kuɗin cefanen da yake ajiyewa a kan taga kowace safiya bai ƙaru da ko naira ba, alhali ruwa ya cinye gonaki, kayan miya sun yi tsada, kwanon masara ya tashi. Babbar 'yarsa, mai shekara goma sha ɗaya, ita aka ce ta matsa wa baƙuwa a katifa, ita aka ce ta ba ta ɗaya daga cikin kayan makarantar allonta biyu. Na taɓa ganin shatin mintsini a damtsen baƙuwar. Na taɓa ganin ta tana cin tuwo a bakin murhu ita kaɗai bayan kowa ya tashi, tana gutsura tana miƙa wa 'yar kyanwar a ƙarƙashin zaninta. Matar yayana, wadda na sani da fara'a tun tana amarya, ta koma ba ta magana sai da tsawa. Wata rana yayana ya shigo ya tarar tana yi wa yarinyar faɗa a kan ta fasa tulu, ya tsaya a gaban yara da maƙwabciya ya ce mata ba ta da imani, marainiya ma ba ta bari ba. Ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa.

Ni dai ta kyanwa na bi. Na je wajen wani malamin dabbobi da na sani, wanda ya fi saba da shanu da awaki amma yana da kyanwoyi uku a gidansa. Da na ba shi labari sai ya girgiza kai ya ce laifin ba na Baƙa ba ne.

Ya ce kyanwa ba kamar kare ko tunkiya take ba, ba dabbar garke ba ce. Kakarta kyanwar daji ce irin wadda har yau ake gamuwa da ita a dazukanmu, mai farauta ita kaɗai, mai iyakar ƙasarta. Kusan shekara dubu goma ke nan da ta fara raɓar mutane a Gabas ta Tsakiya, lokacin da suka fara tara hatsi ɓera ya biyo, amma wannan halin na tsare wuri bai bar ta ba. Da hanci take sanin nata. Goga kumatun da take yi a ƙofa da turmi da ƙafar mutum, wari take shafawa, tana rubuta cewa nan gidana ne, waɗannan mutanena ne. Idan aka wayi gari ta ji wani warin da ba ta sani ba a bakin kwanonta, ba jaririya take gani ba. Gani take yi abincinta da makwancinta da mutanenta duk sun shiga hatsari a lokaci ɗaya, kuma babu wanda ya yi mata bayani. Hucin nan da marin nan, in ji shi, tsoro ne ya sa rigar faɗa. Fitsarin kan buhu ma ba ƙeta ba ce, ƙoƙari take ta maido da warinta inda take jin yana ɓacewa.

Na ce to ai mace ce, ta taɓa haihuwa, ina tausayin uwa? Ya ce kyanwoyi mata suna taya juna reno, har su shayar da 'ya'yan juna, amma galibi waɗanda suka tashi tare ne, uwa da 'ya ko 'yan'uwa, kuma inda abinci ya wadata. Wadda aka jefo mata 'yar da ba ta sani ba a kan kwanon da da ma bai fi cikinta ba, kada a yi mamaki in ta ɗaga hannu. Ya ce mu ma gode wa Allah ba muzuru ba ne, don muzuru yakan kashe 'ya'yan da ba nasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya zo kan duka. Ya ce duk ranar da ka doki babbar a gaban ƙaramar, ka koya mata darasi ɗaya ne tak: cewa ganin wannan baƙuwar yana zuwa da ciwo. Gobe za ta ƙara tsanarta, sai dai ta jira ba ka nan. Ƙaramar kuma ba ka cece ta ba, don kai za ka fita kasuwa, ita ce za ta wuni da wadda ka fusata.

Ya faɗa mini yadda ake yi. A ware wa ƙaramar ɗaki ko lungu da za a iya rufewa, da kwanonta da ruwanta da kaskon yashinta. A bar wa babbar duk abin da ta saba da shi, kada a taɓa mata kwano ko makwanci. A samu tsumma a goga a jikin wannan a ajiye kusa da waccan, a yi ta musanyawa, har warin ya daina zama baƙo. Bayan kwanaki a riƙa ba su abinci lokaci ɗaya, ƙofa a tsakaninsu, kowa da kwanonta. Sannan a buɗe ƙofar kaɗan su ga juna, mutum yana zaune. A fara ba babbar kafin ƙaramar, a shafa ta fiye da yadda aka saba. Wata sati biyu ya ishe ta, wata sai an yi watanni, wata kuma iyakarta ta haƙura ta ƙyale, ba za ta taɓa so ba, kuma wannan ma nasara ce. Ya ƙara da cewa 'yar kyanwa ba a raba ta da uwa kafin sati takwas in da hali, tun da ƙaddara ta raba wannan, a daina ba ta madarar shanu ko ta gari, cikinta ba ya ɗauka, a dafa kifi a cire ƙaya a marmasa mata.

Duk wannan aiki ne, kuma aikin mai gida ne. Babu ko ɗaya a ciki da za a ce kyanwa ta yi wa kanta. Ni abin da ke ci mini rai ke nan da kalmar nan ta "za su saba". Kalma ce mai daɗin faɗa ga wanda zai sa takalmi ya fita. Mun iya ɗauko abu don neman lada, a gan mu a yaba, sai mu dire shi a kan wani mu tafi da ladan, mu bar masa nauyin. Malamai suna yawan tuna mana matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa, suna tuna mana sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwarsa saboda yadda yake ɗawainiya da ita. Ban taɓa jin inda aka ce ɗaukowa kaɗai ta wadatar ba.

Na kwashe bayanin nan kaf na kai wa Goggo, don ita ce mai zama a gidan da rana tun da ruwa ya taso ta daga nata. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wannan malamin naku ya yi karatu. Amma ai mu ma mun sani."

Daren Asabar bayan sallar isha'i, yayana yana zaune a kan tabarma a tsakar gida yana cin tuwon shinkafa da miyar kuka. Yara sun kwanta, ko dai sun yi kamar sun kwanta. Fitilar ɗakin matarsa tana kunne, labule a sake. Goggo tana kan kujerarta 'yar tsugunno, 'yar kyanwar a cinyarta, tana shafa kunnen da ya tsage.

Ta ce, "Alhaji, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba da lada, ka ceci rai."

Ya ce, "Amin, Goggo."

"Da ka ce a bar 'yar kyanwar nan, ka ƙaro kwano?"

Ya ɗago kai. "Kwano kuma, Goggo? Ai ga kwano nan a bayan randa."

"Wannan ai na Baƙa ne. Kuma abin da ake zuba mata, ka ce a ƙara?"

"Goggo, kyanwa ce fa."

"Na sani, ai maganar kyanwa nake yi. Ka shigo da magariba ka dire mata baƙuwa a kan abincinta. Ba ka kira ta gefe ba, ba ka shafa kanta ba. Da ta yi huci ka yi dariya. Da ta yi mari ka ɗauki tsintsiya, a gaban yara, a gaban 'yar da ka kawo. Shekara goma sha bakwai tana tsare maka gida."

Yayana ya ce, "Bakwai dai, Goggo."

Ta ce, "Au, bakwai ne? Tsufa ya zo. To bakwai. A cikin bakwai ɗin nan ka taɓa ɗaga buhu ka ga ɓarna? Ka taɓa jin ta yaƙushi ɗan wani? Yau kwana goma sha biyu ta zama muguwa, har maƙwabta sun ji daga bakinka. Ita kuma wannan 'yar," ta ɗaga ta sama kaɗan, "ka duba kunnenta. Kai ka tafi kasuwa an ce maka sannu da zumunci, ita ta wuni a ƙarƙashin gado. Ba ta roƙi kowa ya kawo ta ba, ruwa ne ya kore ta. In ka tashi taimako, ɗana, ka taimaka har ƙarshe. Wanda ya ɗauko shi ke da saukewa."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baƙa tana nan kan katanga, ba ta yi nisa ba tukuna. Amma kyanwa in ta gaji da kallon gidan da aka kore ta, wata rana ba za a gan ta ba."

Yayana bai ƙara kai loma ba. Ya daɗe yana kallon kwanon tuwon. A bayan labule na ji an ja hanci a hankali. Goggo ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce mu kwana lafiya, ta shige da 'yar kyanwar a hannu.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. Washegari Lahadi ya dawo daga kasuwa da wuri, yaron shagonsa yana biye da shi ɗauke da sabuwar katifa ƙarama da gidan sauro. A leda akwai yadi kala ɗaya na mutum biyu, ya miƙa wa babbar 'yarsa ya ce ita za ta zaɓi ɗinkin. Ya shiga ɗakin matarsa ya saki labule, suka daɗe, ba a jin komai sai muryarsa ƙasa-ƙasa. Da safe kuɗin kan taga sun canza. Ranar Litinin shi da kansa ya riƙe hannun yarinyar ya kai ta makaranta aka rubuta sunanta.

Ta wajen kyanwoyi kuwa, Goggo da yarinyar ne suka yi aikin. Aka share ɗan ɗakin da ake ajiye itace aka sa 'yar kyanwar a ciki da murfin samira a matsayin kwano. Matar yayana ta wanke kwanon bayan randa ta zuba kan karfasa, ta ajiye a gindin katanga, kullum tana matso da shi kaɗan. Kwana huɗu Baƙa tana saukowa sai dare. A na biyar ta ci da rana. Yarinyar ita ke yawo da tsumma tsakanin ɗakin itace da sito, safe da yamma, babbar 'yar yayana tana riƙe mata ƙofa.

Ruwa ya janye a hankali, ya bar laka da warin rima da gonakin da babu abin girba. Da sanyi ya shigo mutane suka koma fadama suka fara shirin noman rani, wasu suka koma ƙauyukansu suna buga tubali. Uwar yarinyar ta zo ganinta sau ɗaya, ta kwana biyu, matar yayana ta haɗa mata ƙullin shinkafa da banda.

Na koma gidan da azumin da ya biyo baya, na leƙa sito. Baƙa tana kan buhunta na kusa da taga, ta mayar da jikinta. Jar kyanwar ta girma, kunnenta na hagu ya warke da tsagarsa, tana kwance a jeri na ƙasa, buhu uku tsakaninsu. Yarinyar ta ce mini har yau Baƙa ba ta taɓa lasar ta ba, kuma in ta matso kusa da yawa takan yi mata huci. Ana kiran magariba ta wuce ni da gudu riƙe da kwano biyu, ta ajiye lotsattsen a bayan randa, ta kira Baƙa ta fara ci, sannan ta kai ɗayan gindin turmi. Daga madafi matar yayana ta ƙwala mata kira ta zo ta ɗauki kunun Baffanta kafin ya huce.